Ranar da Na Goge Zinariyar Dakta Kulu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci dutse ya halicci ƙura, kuma bai manta da ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ku samarin unguwarmu da kuke zuwa maƙera bayan la'asar kuna roƙo in yi muku hanyar aiki irin wanda na yi a jami'a, ku nake rubuta wa wannan. Kun ce aikin ɗakin bincike ba shi da wuya, mutum ya zauna cikin sanyi, ya danna maɓalli, ya tashi. To, na yi shekaru ina danna maɓallin nan har furfura ta fito mini. Ku karanta a hankali. Wanda ya kai ƙarshe bai sake shawara ba, ya zo in rubuta masa takarda.

Aikin da ya fara haɗa ni da jami'a ɗan guntun jan ƙarfe ne, bai kai tsawon yatsa ba. Ina zaune a maƙerarmu a nan Tambuwal, ni da mahaifina, Allah ya jiƙansa, muna gyaran mundayen azurfa, sai wata tsohuwar mota ta tsaya. Wata mata ta fito ta yi sallama, ta ce sunanta Dakta Kulu, mutuniyar Kebbe ce, tana koyarwa a jami'a a birni. Ba likitar asibiti ba ce, ilimin ƙarafa ta karanta. Ta buɗe ƙyalle ta nuna mana guntun. Wata waya siririya kamar gashin wutsiyar doki ta ɓalle daga jikinsa, kuma masu walda uku a birni sun gwada sun ƙone mata irinsa biyu. Idon Baba ya riga ya yi rauni a lokacin, don haka ni na ɗauki hantsaki da bututun hura wuta, na liƙe wayar da ɗigon azurfa. Ta ɗaga shi a rana ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce tana neman mai hannu irin wannan a ɗakin bincikenta.

Baba bai ko tambayi irin aikin ba. Ya ce, "Tafi da shi, ɗiyata. Ko ba komi gawayinmu shi huta."

Injin da na tarar a can tukunya ce ta farin ƙarfe, girmanta kamar randa, da bututu sun fito mata ta kowane gefe, da 'yar taga ta gilashi da ake leƙawa. Aikina na farko shi ne in koyi fitar da iska daga cikinta. A maƙera mun saba da zugazugi mai tura iska. Nan kuwa famfo ne mai zuƙe ta, ya kwana ya wuni yana zuƙa har cikin tukunyar ya zama babu kome, babu ko abin da sauro zai shaƙa. Bakin tukunyar yana da zoben roba. In zoben bai zauna daidai ba, iska za ta riƙa saɗaɗawa ciki, aiki ya tsaya.

Wata rana a watana na biyu iska ta ƙi fita. Muka yi kwana uku muna neman inda take shiga. Na ɗaure kowane noti da sifana, na canja bututu, na kara kunnena a jikin ƙarfe kamar mai sauraren cikin akuya. A rana ta uku Dakta ta cire zoben robar ta duba shi da madubin ƙara girma. Ta kira ni ta ce in leƙa. Gashi ne guda ɗaya, baƙi, mai ɗan lanƙwasa, kwance a kan robar. Ta dubi gashin, ta dubi haɓata.

Na ce, "Ranki ya daɗe, gemu sunna ne."

Ta ce, "Ban ce ka aske ba, Malam Umaru. Amma sunnarka ta tsayar da jami'a kwana uku."

Daga ranar aka ɗinka mini 'yar jaka ta farin yadi mai igiya, ina zuba gemuna a ciki in ɗaure a ƙeya, kamar takunkumin jaki a gonar dawa. Haka na yi aiki har na bar wurin. Wanda yake son aikin nan ya fara auna gemunsa.

Akwai kuma ruwan wanki. Kome da zai shiga tukunyar sai an goge shi da sifirit, kuma ba a taɓa shi da hannu sai da safa, domin maiƙon yatsa ma dauɗa ne a wurin injin. Da na ji an ce sifirit dangin barasa ne, sai da na tafi wurin wani malami na tambaya ko alwalata tana nan. Ya tambaye ni ko ina sha. Na ce a'uzubillahi. Ya ce to in je in yi aikina, in bar ɓata masa lokacin karatu.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Wanda ba na mantawa shi ne wani malamin sashen dabbobi da ya zo da kaska a cikin kwalba, irin wadda ke maƙale wa shanu a hantsa. Yana son ya duba bakinta a babban madubin lantarki, shi kuwa madubin ba ya ganin abu da kyau sai an lulluɓe shi da ƙarfe. Muna da ƙaramin inji na wannan aiki. Na kafa kaskar a kan ɗan faifai, na rufe, na kunna. Wani haske mai launin shunayya ya tashi a ciki, bayan ɗan lokaci na buɗe, sai ga kaska tana walƙiya, an yi mata rigar zinariya tun daga kai har ƙafafu takwas. Da na zo gida na ba Baba labari, ya ajiye masabarsa ta dukan ƙarfe ya ce, "Shekara arba'in nika aiki, uwarka ba ta samu ko zoben zinariya ba. Kai kuwa kaska kaka yi wa ado."

Amma babban aikin Dakta Kulu ba na kaska ba ne, kuma sai kun fahimce shi za ku gane girman abin da na aikata. Ita tana da zinariya da aka mayar ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, dubbai za su zauna a kan bakin gashi ɗaya su bar wuri. An baza su a kan 'yan faranti masu kama da madubi, kowane faranti kamar farcen babban yatsa. A jikin babbar tukunyar akwai abin da muke kira bindiga. Ba ta da harsashi. Ƙwayoyin wata iska take ɗauka, ta ɗora musu ƙarfin lantarki, ta harba su da gudu mai tsanani su faɗa kan zinariyar. Su ake kira ayon.

Abin da Dakta take nema shi ne abin da ke tashi bayan dukan. Ta yi mini bayani wata rana muna jiran famfo. In ayon ya bugi babban sandan zinariya, ƙarfin dukan yakan shige ciki ya watsu, abin da ke tsallewa yawanci ƙwayar zarra ɗai-ɗai ce. Amma in ya bugi 'yar ƙaramar ƙwaya, zafin ba shi da inda zai gudu. Sai ƙwayar ta ɗau zafi gaba ɗaya, ta tarwatse, zarra su tashi curi-curi, nan uku, can bakwai, can fiye da haka. Wasu a manne suke ɓallewa tun farko, wasu kuma a cikin cunkoson tashi suke haɗuwa su riƙe juna, kamar mutane in an tashi daga masallacin Juma'a. Daga nan curin su bi wani dogon bututu. Marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya, kamar jakunan kasuwa, kuma da lokacin isowar kowanne ake gane zarra nawa ke cikinsa.

Na kawo wa Baba wannan bayani ina taƙama, ina zaton zai ruɗe. Ya ce, "Yo mi a sabo ciki? Bugi uwar maƙera da guduma, hannunka ɗai za shi ciwo. Bugi ɗigon narkakkiyar azurfa, ka ga ɗiya sun watsu ko'ina. Wanga shi anka gina wa ɗaki?"

Abu ɗaya ne ban sani ba. Ban taɓa ganin farantan da idona ba. Dakta da kanta take saka su a tukunya, ni kuwa ina can baya wurin famfo da gemuna a jaka. Na ji ana cewa zinariya, ni kuma ɗan maƙeran fari ne, masu aikin azurfa da zinariya, tun ina rarrafe na san zinariya rawaya ce. Ban ga abin tambaya a nan ba.

Shekarata ta biyu ita ce muguwar shekara. Aka shiga dogon yajin aiki, aka rufe ɗakuna, aka yanke wuta, damina kuma ta sauka da ƙarfi. Rufin ɗakinmu ya fara yoyo daidai kan kabad ɗin da ake ajiye farantan. Muka lulluɓe injin da leda muka bar shi ga Allah. Amma farantan nan guda huɗu Dakta ba ta yarda ta bar su ba. A ƙasar waje ta yi su, lokacin da ta je wani ɗakin bincike na wata shida, kuma a nan ba mu da kayan yin irinsu. Duk binciken da take fatan kammalawa a kansu yake. Gidan mahaifiyarta a Kebbe cike yake da jikoki da awaki. Mu kuwa muna da akwatin ƙarfe a maƙera, inda muke kulle azurfar mutane. Ta tsaya a Tambuwal a kan hanyarta ta gida, ta miƙa mini ɗan akwatin roba mai murfi.

Ta ce, "Zinariya ce a ciki, Malam Umaru. Ka ajiye inda babu laima. Kada ka buɗe."

Na ce, "Ranki ya daɗe, gidan maƙera kika kawo zinariya. Ki kwanta da kunnuwanki biyu."

Aka yi wata biyu ana ruwa. Wata safiya na buɗe akwatin ƙarfe, na tarar da laima ta shiga, mundaye da zobban mutane duk sun yi baƙi. Wannan ba abin tsoro ba ne a wurinmu. Na sa aka tace mini ruwan tokar karan gero, na yagi sabon farin tsumma mai laushi, na zauna ina gogewa ɗaya bayan ɗaya har suka dawo fes. Da na gama sai idona ya faɗa kan ɗan akwatin Dakta. Na ce a raina, in azurfa ta yi haka, ina ga amanar mutane? Na wanke hannu, na sa safa yadda aka koya mini, har jakar gemu na ɗaura. Baba yana gefe a kan buzunsa yana cin goro yana kallona.

Ya ce, "Ummaru, an ce ka buɗe?"

Na ce, "Baba, wanga aikin jami'a na, ba na munduwa ba."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da taunar goronsa.

Na buɗe. Farantan huɗu suna kwance a gurabensu, amma babu rawaya ko ɗigo. Wani irin tabo ne ya rufe su, ja-ja mai shunayya, kamar an zubar da zoɓo a kan madubi ya bushe. Na ce inna lillahi, laima ta ɓata kayan baiwar Allah a hannuna. Na yagi wani sabon tsumma, na tsoma shi a ruwan toka, na kama faranti na farko da hantsaki, na shafa a hankali. Shafa ɗaya tabon ya fita. Na yi wa Allah godiya da abin bai kama ba. Na bi na biyu, na uku, na huɗu. Suka fito tas, ina ganin fuskata da jakar gemu a cikin kowanne. Na ɗauka zinariyar tana can ƙasa, ƙanƙantarta ce ta hana ni gani, tun da an ce ido ba ya ganinta.

Baba ya miƙo hannu ya ce, "Kawo tsumman."

A nan sai in gaya muku wata al'ada ta maƙeran fari. Tsumman da ya taɓa azurfa ko zinariya ba a yar da shi. Sharar ƙasan maƙera ma ba a zubarwa. Akwai babban gwangwani da ake tara su, sau ɗaya a shekara a ƙone su duka, a narka tokar a kasko, a fitar da ɗan ƙarfen da ya maƙale. Kakana da haka ya yi wa kakata 'yan kunne. Na ba Baba tsumman ban ko dube shi ba.

Bayan kwana tara wani aiki ya kama zan kai wa wata tsohuwa mundayenta a Kebbe. Na ce bari in tafi da akwatin Dakta ta ga irin riƙon amanar da ake yi a gidanmu. Da zan fita da safe na ga Baba yana jawo gwangwanin tsummoki yana tara gawayi. Ya ce rana ta fito yau, bayan azahar zai ƙone su.

Na sami Dakta a tsakar gidansu tana tsince wake, ita da mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna. Muka gaisa, aka kawo mini fura. Na sha, na goge baki, sannan na fito da akwatin na ajiye a gabanta.

Na ce, "Laima ta so ta yi mana ɓarna, amma Allah ya sa na gani da wuri. Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Ta ɗaga akwatin ta karkata shi wajen rana, ta sake karkatawa. Waken da ke cinyarta ya zube, kaji suka taso, ba ta kore su ba.

Ta ce, "Malam Umaru, ina jan da ke bisa?"

Na ce, "Tabon? Na fitar da shi duka. Ko ɗigo ban bari ba."

Ta ce, "Shi ne zinariyar."

Na yi dariya, don na zaci wasa take yi. Na ce, "Ranki ya daɗe, zinariya rawaya ce."

Ta ce, "In tana da girma. In ta ƙanƙance haka, ja take komawa. Aikin wata shida a ƙasar mutane, da shekara uku na jira, ka sa tsumma ka share."

Inna ta leƙo ta duba farantan ta ce, "Amma fa sun yi kyau. Ɗan nan, kana gyaran tasoshi?"

Dakta ta miƙe tsaye. Ta tambaye ni da me na goge, na ce ruwan toka. Ta rufe ido. Ta tambaya ina tsumman. Na ce yana cikin gwangwanin Baba. Sai ta ɗan saki numfashi, ta ce in tsumman yana nan, wataƙila a iya wanko ƙwayoyin daga jikinsa. A nan ne na tuna gawayin da na gani da safe. Na gaya mata.

Ta ce, "In wuta ta taɓa shi, ƙwayoyin za su narke su haɗe wuri ɗaya. Zinariyar tana nan, amma ni ba ta da amfani a gare ni, ƙanƙantar nake nema. Ka saurare ni da kyau. In mun tarar da tsumman nan, za mu yi magana. In ya ƙone, ka yi zamanka a Tambuwal, kada in sake ganin ko jakar gemunka."

Baba ba ya riƙe waya, yana cewa wanda ke nemansa ya san ƙofar maƙera. Rana kuwa ta kusa tsaka. Dakta ta ɗauko makullin mota. Inna ta ce ba za a bar ta a baya ba, tana son ta ga tsumman da ya fi wake. Ta yafa mayafi ta shige gaba, ni na zauna baya da akwatin a cinya.

Hanyar Kebbe da damina kun san ta. Ba mu yi nisa ba muka tarar da garken shanu yana ƙetarewa, kowace saniya sai ta tsaya ta dubi motar kafin ta wuce. Muka wuce su, muka faɗa cikin taɓo a wata fadama, ƙafafun baya suna juyawa a banza. Na fita na naɗe riga na tura. Motar ta fita, ni na zauna a cikin taɓon. Da na shiga, Inna ta waiwayo ta ce, "Kai da ka iya goge-goge, ga aiki ya same ka."

Muna cikin tafiya aka kira azahar a wani ƙauye. Dakta ta dubi agogo ta ƙara wuta. Inna ta ce, "Kulu, tsaya. Ba a wuce salla don tsumma." Muka tsaya. Na wanke taɓon da zan iya wankewa, na bi jam'i. Ban taɓa yin sujada mai tsawon ta ranar ba. Na roƙi Allah ya sa ruwa ya sauka a Tambuwal, ko gawayi ya ƙi kamawa, ko wani mai dogon surutu ya ziyarci Baba. Da na fito Inna ta ce ta zaci barci ya ɗauke ni.

Tun daga bakin unguwa muka hango hayaƙi yana tashi daga maƙera, baƙi, mai warin ƙonannen yadi. Ban jira motar ta gama tsayawa ba. Na tarar da Baba zaune yana zuga, wuta tana ci, gwangwani yana kife a gefe babu kome a ciki. Na zauna a ƙasa.

Dakta ta shigo da Inna. Baba ya ɗago ya ce, "Maraba da mutanen Kebbe. Kun zo lafiya? Ina gajiya? Yaya ruwa wajenku? Gero ya yi kai? Ina labarin mutanen Fakku, an ce ruwa ya yi musu yawa?" Inna ta zauna ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙara da labarin wata akuyarta da ta haifi uku. Dakta tana tsaye tana kallon wutar. Da gaisuwar ta ƙare ta durƙusa.

Ta ce, "Baba, akwai wani tsumma, fari, mai ɗan ja a jiki."

Baba ya saki zugazugi. Ya cire hularsa a hankali, ya zaro wata takarda a ninke daga ciki, ya buɗe. Ga tsumman nan, da shatin ja mai shunayya guda huɗu a jikinsa.

Ya ce, "Wanga? Tun randa yag goge nis san zinariya ta. Sadda nike yaro na yi aiki wurin wani maƙerin zinariya a birni. Ruwan da muka narka ta da shi, in ya ɗiga ma yatsa, haka launin ka fita, sati ba shi goguwa. Ban san mi kika yi da ita ba, ɗiyata, amma na san wanda ya kulle abu cikin akwati ya ce kada a buɗe, ba tabo ya kulle ba."

Dakta ta karɓi takardar da hannu biyu kamar an miƙa mata jariri.

Na ce, "Baba, ka sani, ka bar ni na goge duka fuɗu?"

Ya ce, "Na tambaye ka, kac ce aikin jami'a na. Ni kuwa munduwa ɗai nis sani."

Inna ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙirji. Dakta ba ta yi ba. Ta ninke takardar ta saka a jaka, ta dube ni daga sama har ƙasa, da taɓon da ya bushe a rigata. Ta ce wa Baba ita yanzu ba ta san abin da za ta yi da ni ba, hannuna babu irinsa, amma kaina ne abin tsoro.

Baba ya mayar da hularsa ya kama zugazugi. Ya ce, "Don Allah ku riƙe shi can. Ku injinku ɗaya na. Mu nan kayan mutane da yawa."

Haka na tsira da aikina. Da aka janye yajin aiki, Dakta ta yi makonni tana wanke tsumman a cikin kwalba, tana tacewa, tana sake wankewa. Abin da ta samu ya isa faranti ɗaya kacal maimakon huɗu, kuma aikinta ya ja baya da shekara guda. A tsawon shekarar ba ta kira ni da sunana ba, sai dai ta ce, "Mai tsumma, kunna famfo." Ranar da muka harbi farantin, curin zinariyar suka fito a na'urar da ke ƙirga su da ƙarfi fiye da yadda ta saba gani. Ta yi wata biyu tana neman dalili, kafin ta gano wani gishiri da ke cikin tokar gero ne ya maƙale wa ƙwayoyin yake taimaka wa na'urar ganinsu. Na fara murmushi, ta ce in rufe bakina, ɓarna sunanta ɓarna ko ta haifi ɗa namiji. Duk da haka sai da ta aike ni gida in kawo toka. Labari ya bazu cewa jami'a tana yin zinariya da toka, aka yi wata guda mata daga Sanyinna suna sauke buhunan toka a ƙofar maƙera, Baba yana aika su wurina.

Da ta gama da tsumman, ta tsaya a Tambuwal da kanta ta mayar wa Baba, domin ya aika mata cewa tsumman maƙera ne, aro ya ba ta. Ya ɗaga shi a rana, ya ga ya yi fari fat. Ya ce ɗiyar Kebbe ta fi wuta iya tatsa. Ya jefa shi cikin gwangwani.

Yanzu ni ke zaune a kan buzun, gwangwanin yana nan inda yake. Wanda har yanzu yake son takarda ya zo bayan la'asar. Zan ba shi ɗan akwati a rufe ya riƙe mini kwana tara.

Allah ya sa mu gama da duniya lafiya.